In Inji Ya Buga: Me Ya Sa Sauya Injin Mota Ya Gagari Talaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar La'asar, wani direban taksi da muka daɗe muna haɗa sahu da shi ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, injin motata ya buga. Yau sati uku ke nan tana gareji." Mutum goma sha ɗaya ne ke ci daga wannan mota, har da mahaifiyarsa da marayun yayansa. Ya zaga wajen masu sayar da kayan mota, kuɗin da aka yanka masa ya fi ƙarfinsa, wani kuma ya yi masa tayin rance da sharaɗin ƙari. Tambayarsa ita ce: ya karɓa, ko ya zauna?

Ba a yi kwana goma ba wani ya zo da tasa ƙarar. Shi ya samu kuɗin, ya sayi injin, an ɗora, mota ta tashi lafiya. A kwana na tara sai hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Ya koma wajen mai kaya, aka ce masa ciniki ya riga ya faɗa.

Waɗannan tambayoyi biyu suka sa muka zauna da direbobi da makanikai da 'yan kasuwa muka saurare su, domin fatawa ba ta yin kyau in mai bayar da ita bai san yadda al'amarin yake a ƙasa ba. Abin da muka fahimta shi muke so mu shimfiɗa wa 'yan uwa, musamman ɗalibai, tunda gobe su za a riƙa tarewa a ƙofar masallaci da irin wannan tambaya.

Daga ina injin yake zuwa?

A Nijar ba a ƙera injin mota. Sabon inji daga kamfani kuwa sai gwamnati da manyan ma'aikatu. Abin da talaka ke nufi in ya ce zai sauya inji shi ne tsohon inji da aka ciro daga motar da ta gama aiki ko ta yi hatsari a Turai ko Japan ko Amurka. Ana tara su a wurare irin su Beljiyam da Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a cika kwantena da su, a auno su zuwa Kwatano ko Lome ko Legas. Daga can sai su bi mota zuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram, wasu kuma su biyo ta kasuwar Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano kafin su ƙetaro iyaka.

Motocin da ake ɗora wa injunan su ma haka suka zo. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Ke nan mota tana iso mana ne bayan ta ci rabin rayuwarta ko fiye, ta tarar da zafi da ƙura da lodi fiye da kima. Wanda ya sayi irin wannan mota ya kamata ya san cewa ranar sauya inji tana tafe, kamar yadda wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya faru da hanya

Ƙasarmu ba ta da teku, saboda haka kuɗin hanya yana cikin farashin duk wani ƙarfe da muka taɓa. Shekara da shekaru mafi yawan kayan Nijar ta tashar Kwatano suke shigowa, su haura arewa, su ƙetare gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Tafiya ce ta kilomita dubu da 'yan kai zuwa Yamai, kuma 'yan kasuwa sun san ta kamar tafin hannunsu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangare, amma hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe nasu, suna kafa hujja da tsaro. Daga nan manyan kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso, su biyo ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja saboda 'yan bindiga. Ƙananan kaya kuwa ana ƙetarar da su kogin Kwara cikin kwale-kwale, a sauke a nan, a sake lodi a can.

Mu duba yadda wannan ke shiga cikin farashi. Hanya ta ƙara tsawo, man da babbar mota ke sha ya ƙaru. Direba yana tafiya da ransa a hannu, dole ladansa ya hau. Sa'an nan ga jira: mota na iya yin makonni tana dakon ayari ya haɗu. Ɗan kasuwar da a da yake juya jarinsa sau da yawa a shekara, yanzu jarin yana kwance a hanya, sai ya nemi fanshe ribar juyin da ya rasa a kan ɗan abin da ya iso. Inji kuma kaya ne mai nauyi, ba a saka shi cikin jaka a hau jirgin sama da shi kamar wayar hannu. Duk wahalar hanya a kansa take sauka.

Kuɗin ƙasa da kuɗin waje

Sefa tana ɗaure da Yuro, Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957. Mu ɗauki misali domin lissafi kawai: injin da aka saya Yuro 500 a Turai ya kama jika 328 tun bai bar inda yake ba. A ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na tashar jirgi, da na babbar mota, da na duwan, da harajin TVA wanda yake kashi 19 cikin 100 a Nijar, da ribar mai shigowa, da ribar mai shago, da la'adar dillali. Kowane hannu da injin ya ratsa sai ya bar alamarsa a farashi. Dattawa irinmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, motoci da yawa suka kwanta a gareji har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. A wancan karo kuɗi ne ya karye. A wannan karo hanya ce ta toshe, amma direba iri ɗaya ya ji a jikinsa.

Ta ɓangaren Najeriya kuma wani labari ne. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mai sefa da ya shiga Kano sai ya ga kuɗinsa ya yi auki, kuma haka ne in abin da zai saya a Najeriya aka noma shi ko aka ƙera shi. Inji kuwa da dala aka shigo da shi, saboda haka farashinsa a Naira ya bi dala ya hau. Saukin da mutanen Maraɗi da Ƙonni suka yi tsammani bai kai yadda aka zata ba.

Akwai kuma batun mai. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Man sumoga mai araha da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin titi ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A watan Maris 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk lokacin da mai ya yi wuya, direba yana zuba abin da ya samu, kuma man da aka gauraya ko ya sha ruwa da datti a jarka yana rage wa inji kwana.

Kuɗin da ba a faɗa wa mai mota

Kuskuren da muka ga ana yawan yi shi ne mutum ya tara kuɗin inji cif-cif, ya ɗauka ya gama. Alhali bayan injin akwai ladan makanike na saukewa da ɗorawa, da sabon baƙin mai, da matatun mai da na iska, da filogi, da bel, da robobin da inji ke zama a kansu. Sau da yawa sai an wanke lagireto ko an sauya shi, domin in shi ne ya kashe injin farko, zai kashe na biyu. Motocin zamani kuma suna da ƙwaƙwalwa mai sarrafa inji, in ba ta dace da injin da aka kawo ba sai an nemo wata, an kira mai aikin waya. Ga kuma kuɗin da ba ya shiga takarda: kowace ranar da mota ta kwana a gareji, gida ya ci daga jari.

Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata a yi ita ce: shin lalle sai an sauya? Makanikan da muka zauna da su sun ce ba duk injin da ya yi zafi ko ya yi hayaƙi ne ya mutu ba. Wani gasket ɗin kai ne ya ƙone, a kai kan injin wajen masu injin gyara ƙarfe a daidaita shi, a sa sabo. Wani zoben fistin ne ya cinye. Wani karanshaf ne ke son a gurza shi a sa masa metal daidai da shi. Akwai na'urar auna ƙarfin matsin kowane silinda, ba ta da tsada, tana nuna inda ciwon yake kafin a kwance komai. Injin da ba shi da magani shi ne wanda gangar jikinsa ta tsage ko sandar fistin ta huda ta. Amfanin gyara shi ne ka san abin da aka sa a ciki. Sayen tsohon injin da ba ka ji kukansa ba kuwa cinikin biri a sama ne. Sai dai gyara yana bukatar gwani da kayan gyara na ƙwarai, kuma jabu sun cika kasuwa. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke gudun gyara su rungumi sauyawa, ko da ta fi tsada.

Haƙƙin mai saye da haƙƙin mai sayarwa

Yanzu mu koma ga mutumin da injinsa ya yi hayaƙi a kwana na tara. An shaida mana dabarun da wasu ke yi: a zuba wa inji mai kauri domin ya ɓoye ƙara da hayaƙi na 'yan kwanaki, ko a ɗauki injin da ya gaji a nan gida a wanke shi tas a ce yanzu aka sauke shi daga kwantena. Wannan algus ne, kuma hukuncinsa a bayyane yake. Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa. Mafi kusa da mas'alarmu ita ce dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Shari'a ta bai wa wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da ita. Mai kauri a cikin gajiyayyen inji da nono a hantsar da aka ɗaure, manufarsu ɗaya.

A fiƙihu, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa. Kuma a mazhabar Imamu Malik, cewar mai kaya "na sayar maka yadda ka gan shi" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Mai shago da yawa shi ma bai buɗe injin ba, yadda aka sayar masa haka ya sayar. Kuma akwai mai sayen da zai ɗora inji a kan ruɓaɓɓen lagireto, ya ƙona shi da hannunsa, ya dawo yana kuka. Maganin wannan jayayya shi ne sharaɗi tun kafin a biya: kwana nawa na gwaji, wace matsala ce ke sa a mayar, wa zai biya ladan saukewa in an mayar. A rubuta, da lambar injin a jiki, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, amma sai ka ga cinikin jika ɗari-ɗari ana ƙulla shi da baki kawai. Rubuta lambar tana kuma kare mai saye daga sayen injin motar sata.

Makanike shi ma yana da nasa. Malaman Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu a wurin aikinsu, domin kare dukiyar jama'a. Wanda ya cire ƙarfe mai kyau ya sa jabu, ko ya haɗa baki da mai shago ya ce inji ya mutu alhali yana gyaruwa domin ya samu la'ada, ya ci amana. Tsohon injin da aka sauke kuma na mai mota ne, yana da daraja ko a kilo aka sayar, bai halatta a riƙe shi ba sai da yardarsa. Mai mota kuma ya biya makanike ladansa a kan lokaci, domin mun ji koken masu gareji a kan manyan mutane da ke ɗaukar mota su ce "sai na aiko."

To, direban da aka yi wa tayin riba fa?

Mun gaya masa gaskiya cewa rance da sharaɗin ƙari riba ce, kuma ko ta fuskar lissafi, motar da ke ciyar da mutum goma sha ɗaya ba za ta iya ciyar da mai ba da rance a kansu ba. Amma mun ji nauyin mu ce masa haramun ne mu tashi mu bar shi. Akwai ƙofofi na halal. Mai shago zai iya sayar masa da injin bashi a kan farashi sananne da wa'adi sananne, ko da ya ɗara na kuɗi hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun farko kuma ba za a ƙara ba in ya makara. Wani mai hali zai iya sayen injin ya mallake shi, sa'an nan ya sayar masa da riba bayyananna, wato murabaha. Akwai rance mai kyau, wanda ba a ƙara komai a kansa. Kuma wanda bashi ya danne ta hanyar halal yana cikin kaso takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba. A ganinmu, zakkar da ta tayar da motar mai iyali ta fi wadda aka rarraba dala-dala ta ƙare a cefanen yini guda.

A ƙarshe mutum huɗu daga cikin masallatan suka haɗa masa rance, wani dattijon makanike ya duba injin ya ce a gwada gyara tukuna. Mun kawo wannan ne domin kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin direbobi su yi tunanin asusu na dindindin, kowa ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, wanda injinsa ya buga a ranta masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rigakafi

Ga direba kuwa, inji yana cinyewa kullum, saboda haka wani kaso na cinikin yini haƙƙin injin ne. Wanda ya ware jika 1 a kowace ranar aiki, in ya yi aiki kwana 300 ya tara jika 300 a shekara. Wanda ya cinye duka, jarinsa yake ci bai sani ba.

Kuma abubuwan da ke kashe inji a ƙasarmu sanannu ne. Jinkirta juyen baƙin mai, ko sayen na jabu domin araha, alhali araha ba ta ado. Barin matatar iska ta toshe ko ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta riƙa gurzar silinda kamar yashi. Zuba ruwan rijiya a lagireto, ya bar gishiri da tsatsa su toshe hanyoyinsa. Ci gaba da tafiya bayan allurar zafi ta hau, a ce bari a kai tasha tukuna. Barin bel ɗin da ke daidaita bugun inji ya wuce wa'adinsa, ranar da ya tsinke a wasu injuna sai fistin ya daki bawul, aiki ya lalace gaba ɗaya. Sai lodin da ya wuce ƙarfin mota, wanda ban da inji har rayukan fasinja yake sa wa cikin hatsari. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗin kiyaye shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inji ba.

Abin da ke tafe

Bai kamata mu ɗauka cewa tsofaffin injuna za su ci gaba da kwararowa har abada ba. A 2020 CEDEAO ta amince da ƙa'idojin taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su, kuma ko da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, tashoshin jiragen ruwan da muke bi suna cikin ƙasashen da ke cikinta. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ke nufin daina sayar da sababbin motocin fetur da gazwal daga 2035, ko da yake ana ta muhawarar sassauta ta. Habasha kuwa tun 2024 ta hana shigo da motocin da ke shan mai. Injunan tsofaffin Toyota da makanikanmu suka haddace suna ƙara ƙaranci a can inda ake ciro su, abin da ya yi ƙaranci kuma tsada yake yi.

Wannan ya sa muke ganin hanya biyu a gaban hukuma da jama'a. Ta farko, duk wani sulhu da zai buɗe hanyar Gaya cikin aminci zai sauko da farashin inji da na shinkafa da na magani a lokaci guda. Masu mulki sun fi mu sanin sirrin tsaro, mu kuma aikinmu ne mu isar musu da abin da muke ji a ƙofar masallaci. Ta biyu, a ƙarfafa sana'ar gyara. Wanda ya je unguwar Suame a Kumasi ya ga yadda dubban masu sana'a, cikinsu har da Hausawan zango, ke farfaɗo da injin da wani zai jefar. Injin da aka gyara a Maraɗi ko Tawa, ladan aikinsa a gida yake zama. Muna kira ga ɗalibanmu kada su raina wannan sana'a. Ɗalibin da ya san hukuncin ciniki kuma ya iya auna silinda, jama'a za su yi layi a garejinsa, domin abin da ya fi ƙaranci a kasuwar nan shi ne wanda za a ba mota a koma gida a yi barci.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya yaye wa masu bashi, ya kiyaye matafiya a kan hanyoyinmu. Wallahu a'alam.